Dariyar da Ta Riƙe Mu a Shekarar Wahala

Jawabin malaman firamare na ƙauyukanmu a taron iyaye da malamai

   

An roƙe mu mu yi magana a kan yadda malamin ƙauye zai jimre wa aikinsa ba tare da ya karaya ba. Sa'ad da muka zauna mu malamai muna shawarar abin da za mu faɗa, sai muka yarda mu ɗauki shekara ɗaya mu dube ta da kyau, watau shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024. A cikin shekarun aikinmu ba mu ga wadda ta matse mu kamarta ba. Muka tambayi juna, me ya hana mu ajiye alli mu tafi? Kowa ya ambaci addu'a da taimakon iyalinsa, wannan kuwa sanannen abu ne. Amma bayan haka, kusan kowa sai ya shiga ba da labarin wani abin dariya, ko wani ɗan abin jin daɗi wanda bai kai a rubuta shi a cikin rahoto ba. A kan waɗannan ƙananan abubuwa ne za mu yi magana.

Yadda shekarar ta kasance

Ba sai mun tuna muku da yawa ba, gama tare muka sha ta. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli kuma ta wuce 600 a wurare da yawa. Kafin a koma makaranta a watan Satumba, kuɗin mota da na acaɓa sun ninka. Kayan abinci suka bi bayansu. Zuwa tsakiyar 2024, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Duk wannan lokaci mafi ƙarancin albashi yana kan naira 30,000, inda ya tsaya tun 2019. Sai a ƙarshen Yuli 2024, daidai lokacin da shekarar karatu take ƙarewa, aka sa hannu a dokar da ta kai shi naira 70,000.

Ga kuma rashin zaman lafiya. A cikin 2023 hare-hare sun kori mutane da yawa daga ƙauyukan Mangu. A jajiberen Kirsimeti na shekarar aka far wa ƙauyuka a Bokkos da Barikin Ladi, mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu. A ranar 7 ga Maris 2024 aka sace 'yan makaranta a Kuriga ta jihar Kaduna. Waɗansu daga cikin waɗanda suka gudu sun sauka wurin dangi a ƙauyukanmu, yaransu kuma suka shigo azuzuwanmu ba littafi, ba fensir, waɗansu ko takalmi babu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A cikinmu akwai waɗanda suka riƙe ninkin wannan, akwai kuma wanda ya haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya. Bayan labarin Kuriga, ko babur ne ya wuce da gudu sai yara su miƙe tsaye suna duban taga.

Abin da gajiya take yi wa malami

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani a kan irin gajiyar da matsin aiki yake jawowa idan ya daɗe ba a sami sauƙi ba. Ta ba da alamu uku. Na fari, ƙarfin mutum ya ƙare. Na biyu, zuciyarsa ta fita daga aikin, ya fara ganin aikin ba shi da amfani. Na uku, abin da ya iya yi da kyau a dā ya fara lalacewa a hannunsa.

A makarantar ƙauye ana iya ganin wannan da ido. Malami ya zo ya miƙa wa monita littafi ya kwafa a allo, shi kuwa ya koma gindin bishiya ya zauna. Ƙaramin laifi ya jawo bulala. Ciwon kai ba ya barinsa, barci ya ƙi zuwa da dare, wani kuma hawan jini ya kama shi bai sani ba. Ƙarshenta sai a ji ya tafi birni yin acaɓa, ko ya bi 'yan haƙar kuza. Idan makaranta tana da malamai uku, ɗaya ya tafi, yaranku ne suke biyan bashin. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, da wuya ya ƙarasa makaranta. Namiji ya kan ƙare a ramin haƙa, mace kuma a yi mata aure da wuri. Saboda haka lafiyar zuciyar malami abu ne da ya shafi kowane gida a ƙauyen nan.

Masana lafiya sun nuna cewa dariya tana sassauta jiki, tana kuma rage sinadaran da jiki yake fitarwa lokacin tsoro da damuwa. Mu kuma mun gani a aji cewa yaron da yake jin tsoro ba ya koyon kome. Yakan zauna shiru yana fata kada a kira sunansa. Amma idan aji ya yi dariya tare sau ɗaya, sai ka ga hannuwa sun fara tashi sama. Bari mu ba ku labarin yadda wannan ya faru, zango bayan zango.

Zango na fari

Da fetur ya yi tsada, yawancinmu muka jingine babura. Kekunan da suka yi shekaru a rataye aka sauko da su aka sa musu mai. Masu tafiya a ƙasa suka fara jiran juna a mararraba, domin tafiya da hira ta fi gajarta. A wannan tafiya ta safe ne muke taimakon juna da shirin darasi, a nan kuma muke jin wanda ɗansa ba shi da lafiya.

Akwai abokin aikinmu ɗaya da gidansa ya yi nisa ƙwarai, tilas ya riƙa hawan babur. Daga gidansa zuwa makaranta akwai wani dogon gangare. Da ya kai kansa sai ya kashe inji ya sauko a hankali ba ƙara. Shi ne ya raɗa wa gangaren suna Tallafi. Yakan ce an cire tallafi a Abuja, amma nasa yana nan ba wanda ya taɓa shi. Da yamma kuwa, sa'ad da yake tura babur ɗin zuwa sama yana gumi, yara sukan bi shi suna taya shi turi suna cewa, “Malam, yanzu kam an cire.” Har yau mutanen wannan ƙauye suna kiran wurin da wannan suna.

A darasin lissafi na aji huɗu, wata malama ta rubuta tambaya a allo daga wani tsohon littafi. Idan mudun masara naira 200 ne, nawa ne mudu biyar? Wata yarinya ta ɗaga hannu da sauri. Malama ta yi murna ta ce ta ba da amsa. Yarinyar ta ce, “Malama, a wace kasuwa ce? Ina so in gaya wa Mama.” Aji ya fashe da dariya, malama ma sai da ta dafa tebur. Daga ranar ta daina amfani da farashin littafi. Kashegarin kowace ranar kasuwa, yara sukan kawo farashin masara, da gishiri, da sabulu, da manja, a rubuta a gefen allo. Da shi suka koyi tarawa da ɗebewa, da shi kuma suka koyi gwada farashin wannan mako da na makon jiya. Yaran da suke gudun lissafi a dā suka zama su ne masu gardama a kan kuɗin mudu.

Sai kuma akuyar wani mai unguwa, wanda ba za mu faɗi sunansa ba tun da yana zaune a nan tare da mu. Ƙofar aji uku ba ta da marfi, saboda haka kowace safiya akuyar takan shigo ta kwanta a bayan benci na ƙarshe. An kore ta har an gaji. Daga baya monita ya ce tun da ta fi waɗansu yara zuwa makaranta, ya kamata a sa ta a rajista. Malam ya yarda da wasan. Bayan ya gama kiran sunaye yakan ce, “Akuya fa?” yara su amsa gaba ɗaya, “Ta zo!” Yaron da ya yi fashi kwana biyu, abokansa sukan ce masa akuya ta wuce shi. Wannan ya gyara zuwan yara fiye da yadda tsawa ta taɓa yi.

A jarrabawar ƙarshen zango mun tambayi 'yan aji biyar aikin uba da aikin uwa a gida. Wani yaro ya rubuta aikin uba a layi ɗaya, wai sauraron rediyo. Aikin uwa kuwa ya cika shafi har ya juya baya. Iyayenmu maza, ku yi haƙuri, mu dai abin da muka gani a takarda ne muka faɗa.

Zango na biyu

Mun dawo a watan Janairu 2024 da zuciya mai nauyi. Yaran da suka gudo daga wuraren da aka kai hari sun ƙaru. Waɗansu sun rasa iyaye. A makonnin farko ba mu nemi yin wasa da su ba, gama kowane abu da lokacinsa. Mun ba su wurin zama, muka raba musu fensir, muka roƙi sauran yara kada su dame su da tambayoyi.

A aji uku akwai wani yaro ɗan shekara tara wanda ya yi makonni bai ce uffan ba. Yakan zo, ya zauna a ƙarshen benci, a tashi ya tafi. Wata safiya a taron safe, Hedimasta yana tsaye yana yi wa yara gargaɗi a kan tsabta, ya riƙe ƙunshin masa a bayansa wanda ya saya bai kai ga ci ba. Akuyar nan ta lallaɓo ta baya ta fizge ƙunshin ta ruga. Hedimasta ya juyo ya bi ta taku uku, sa'an nan ya tuna da girmansa ya tsaya. Ya dubi yara ya ce, “To, ku shaida ne, yau 'yar aji uku ta ci abincin Hedimasta.” Makaranta duka ta kwashe da dariya. A cikin masu dariyar har da wannan yaro, yana riƙe da cikinsa. Da aka shiga aji ya matso kusa da malaminsa ya ce a hankali, “Malam, tamu ma haka take yi.” Wannan ce magana ta fari da ya yi a kan gidansu. Daga ranar ya fara amsa tambaya kaɗan kaɗan, kafin Ista kuma yana buga ƙwallo da sauran yara. Ba mu ce ya warke ba, gama irin wannan ciwo yana ɗaukar shekaru. Amma ta wannan ƙofa ya fara fitowa.

Hunturu ma ya ba mu nasa. Da safe sanyi ba ya barin yara su riƙe fensir, sai mu kwashe benci mu fita rana, mu yi darasin fari a can. Ƙurar hunturu da garin alli sukan haɗu su mai da kan malami fari fat. Wani saurayin malami da bai yi aure ba tukuna, 'yan aji ɗaya suka durƙusa suka gaishe shi da “Ina kwana, Kaka.” Sunan ya bi shi har ranar aurensa.

A wannan zango ne aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka a Kwaddebuwa. Makarantarmu ba ta da taswira, sai muka zana Afirka a ƙasa da sanda, muka yi iyakoki da toka. Duk ƙasar da Nijeriya za ta kara da ita, sai yara su nemo ta su tsaya a kanta. Ta haka suka san Kamaru, da Angola, da Afirka ta Kudu, suka kuma gane cewa ƙasashe uku ne a Afirka suke da sunan Gini. A ranar 7 ga Fabrairu mai tsaron gida Stanley Nwabali ya tare bugun fenareti biyu, Nijeriya ta kai wasan ƙarshe. A dā ƙaramin yaro ake tura wa tsaron gida domin ba wanda yake so. Kashegarin wannan wasa sai da malami ya raba faɗa, gama yara shida ne suka tsaya tsakanin duwatsu biyu kowa yana cewa shi ne gola. A ranar 11 ga Fabrairu masu masauƙi suka ci mu 2 da 1. Ran Litinin aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ce, “Malam, don Allah yau kada a tambaye mu inda Kwaddebuwa take.”

Zango na uku

Da damina ta sauka, matsalar rufi ta dawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yaranmu kuwa sun san wurin kowane ɗigo, har sukan ja benci tun hadari bai gama haɗuwa ba. Idan ruwa yana dukan kwano ba mai jin muryar malami, ko ya yi ihu. Maimakon mu kashe makogwaronmu, sai mu tara yara a kusurwar da ba ta yoyo a yi kacici-kacici. Wanda ya kawo wanda ya gagari aji, shi zai rubuta shi a allo, sauran su gyara masa rubutu. Yaran da suke da wani harshe a gida sukan kawo na yarensu su fassara mana da Hausa. Mu malamai mun koyi da yawa a wannan kusurwa, yara kuma suna jin daɗi ƙwarai idan suka ga malam ya kasa ba da amsa.

A ranar 27 ga Mayu 2024 muka yi faretin Ranar Yara, muka rera taken ƙasa wanda muka sani tun muna yara. Bayan kwana biyu, a ranar 29 ga wata, aka sa hannu a dokar da ta komo da tsohon take, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Yawancinmu ba a haife mu ba sa'ad da aka daina rera shi. Muka samo kalmomin a waya, amma muryar ta ƙi zama daidai. Wata kaka da take sayar da ƙosai a bakin makaranta ta ji mu muna fama, ta bar kaskonta ta shigo fili. Ashe ta yi makarantar mishan tun zamanin da ake rera shi. Ta tsaya a gaban yara da malamai ta rera shi daga fari har ƙarshe ba tuntuɓe. Mako guda tana zuwa taron safe tana koya mana. Idan Hedimasta ya kauce sai ta ɗaga mataki ta ce, “A'a, ɗana, sake.” Jikokinta kuwa sai tafiya suke yi da ƙafa ɗaya a sama don alfahari. A ƙarshen makon wata yarinya ta tambaya, “Malama, tun da tsohon take ya dawo, tsohon kuɗin burodi ma zai dawo?” Wannan tambaya har yau ba mu sami wanda zai amsa ta ba.

Ƙananan abubuwan jin daɗi

Ban da dariya, akwai abubuwan da suka sanyaya mana rai waɗanda ba su ci kuɗi da yawa ba. Kowace Jumma'a mukan haɗa abin da kowa yake da shi, wannan ya kawo tsakin masara, wancan ya kawo alayyafo ko yakuwa, a dafa tukunyar gwate a ci tare bayan an tashi. A wannan zama ba a maganar albashi sai an gama ci. Lokacin mangwaro, da safe mukan tarar da 'ya'ya biyu ko uku a kan tebur, ba a san wanda ya ajiye ba. Bayan ruwan fari yara sukan kawo soyayyen cinge a cikin takarda su tsaya su ga ko malam zai ci. Akwai gasasshiyar masara ta fari, da sabon dankali, da gaisuwar wani tsoho a hanya wanda yakan cire hularsa ya ce, “Sannu da aiki, Malam.”

Mafi daɗi a cikinsu duka shi ne ranar da yaro ya haɗa baƙaƙe ya karanta kalma da kansa, ya ɗago kai ya dube ka da mamaki. Mun yi shawara kowane malami ya riƙa rubuta abu ɗaya mai daɗi da ya faru a ranar, a shafin baya na littafin shirin darasi. Layi ɗaya ya isa. A ranar da abubuwa suka yi tsanani, mutum yakan buɗe shafin ya karanta, ya ga ashe shekarar ba duka ba ce baƙa.

Dariya mai ginawa da mai rushewa

Lallai ne mu yi gargaɗi a nan, gama ba kowace dariya ce take da amfani ba. Al'adunmu sun riga sun koya mana wannan. Akwai wasa tsakanin kaka da jika, da tsakanin taubasai, da tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi. Wannan wasa yana da ƙa'ida. Kowane ɓangare ya san wasa ne, kowa yana da damar ramawa, ba kuwa wanda yake tashi da ciwon rai. Haka ya kamata wasan aji ya zama.

Saboda haka muka kafa wa kanmu doka. Ba a yi wa yaro dariya don in'ina, ko yagaggiyar riga, ko yadda yake furta Hausa ko Turanci. Ba a yin wasa da kabilar yaro ko addininsa, gama a azuzuwanmu akwai Kirista da Musulmi, akwai 'ya'yan manoma da na makiyaya, a benci ɗaya kuma suke zaune. Ba a karanta takardar wanda ya faɗi a gaban aji domin a yi masa ba'a. Idan za a yi dariya a kan wani, gara ta faɗa a kan malam, ko a kan akuya, ko a kan wahalar da ta same mu duka. Malamin da ya bar yara suka yi dariya da shi, girmansa ba ya raguwa. Hedimastan da akuya ta ƙwace wa masa, yara sun fi jin maganarsa yanzu.

Akwai kuma hutun ƙarya wanda muke roƙon abokan aikinmu su guje masa, watau burukutu da goskolo, da ƙwayoyi, da cacar ƙwallo a waya. Suna sa mutum ya manta na sa'a ɗaya, da safe kuma ya tashi da damuwarsa, ga bashi a kai. Wanda ya ga baƙin ciki ko rashin barci ya wuce mako biyu, ko ya daina jin daɗin abin da yake so a dā, ya je asibiti ya ga ma'aikacin lafiya, ya kuma gaya wa wani da ya amince da shi. Yana da kyau kowane malami ya gwada hawan jininsa aƙalla sau ɗaya a zango.

Roƙonmu gare ku

Kada wani ya tashi daga nan ya ce malamai suna dariya, ashe ba su da matsala. Dariya ba ta toshe yoyon rufi, ba ta kuma sayen mudun masara. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Nijeriya hakkin karatu kyauta na shekara tara, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Za mu ci gaba da neman ƙarin malamai, da benci, da biyan albashi a kan kari, muna kuma so ku tsaya tare da mu a wannan. Abin da dariya ta yi mana shi ne ta bar mu da sauran ƙarfi na ci gaba da nema da koyarwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ga abin da muke roƙo. Idan kun wuce makaranta kuka ji aji yana dariya, kada ku ɗauka wasa kawai ake yi. Da yamma ku tambayi yaranku abin da ya ba su dariya a makaranta, za ku ji darasin ya fito tare da labarin. Tsofaffinmu masu tatsuniya, da kacici-kacici, da tarihin ƙauye, ku zo ku ba mu rabin sa'a, kamar yadda kakar nan mai ƙosai ta yi. Matasa, ku taimake mu da aikin gayya a gyara ƙofa da rufi kafin damina. Iyalan da suka karɓi 'yan gudun hijira, ku bar yaran su yi wasa, kada ku tsawata musu idan suka yi dariya a lokacin da manya suke makoki. Idan kuma kun ga malami ya fara janye jiki daga mutane, ku ziyarce shi kafin ku kai ƙararsa. A ranar 5 ga Oktoba ta kowace shekara ake bikin Ranar Malamai ta Duniya. Ba mu roƙi kyauta ba, gaisuwa ma ta isa.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyinku

1. Malamai nawa ne a makarantar ƙauyenku, yara nawa kuma kowannensu yake riƙe da su?

2. Waɗanne alamu ne za su nuna mana cewa malami, ko wani ma'aikaci a cikinmu, ya gaji har zuciya?

3. Wane irin wasa ne a gidajenmu yake ƙarfafa yara, wane iri ne kuma yake sa su kunya?

4. Wane abu ɗaya ne ƙungiyarku za ta iya yi wa makaranta kafin ƙarshen wannan zango ba tare da jiran taimako daga waje ba?